Gidan gem a saman benenmu

Takardar ta iso shagona ranar wata Talata bayan la'asar, a hannun yaron Hajiya mai atamfa. Ni ne ma na buga ta da safe, don duk filazarmu ni kaɗai ke da kwamfuta da firinta, amma da ta zagayo ta dawo min da sa hannun mutum tara sai na ji kamar ban taɓa ganinta ba. Abin da ke ciki bai wuce layi shida ba: mu 'yan haya muna roƙon Alhaji mai gini kada ya ba da babban ɗakin sama ga wanda zai buɗe gidan gem, wato wurin da yara ke biyan kuɗi su buga wasannin bidiyo. Na karɓi biro na sa hannu, na zama na goma. Ko tunani ban tsaya yi ba.

Ga wanda bai san wurin ba, filazar tamu ba wata babba ba ce. Tana kan wani layi da ya fita daga titin Gidan Zoo a nan Kano, bene hawa ɗaya, shago takwas a ƙasa, biyar a sama, sai wani ƙaton ɗaki a ƙarshen baranda wanda a da makarantar koyon kwamfuta ce. Tun da makarantar ta tashi yake a kulle, fiye da shekara ke nan, tantabaru ne kawai ke haya a bakin tagarsa. Akwai mai kemis, akwai teloli biyu, mai POS, mai gyaran waya, mai aski, mai lemo da yogot, da wani dattijo mai sayar da tabarau wanda shi ke ja mana sallah. Ni kuma hoton takardu nake yi, da buga wasiƙu, da cike wa yara fom ɗin jarrabawa. Matakalar benen guda ɗaya ce tal, kuma ƙafarta ta sauko ne daidai tsakanin ƙofata da ƙofar Hajiya. Ku riƙe wannan, don a kanta maganar za ta ƙare.

Wanda ke neman ɗakin yaro ne matashi, bai kai talatin ba, ya gama bautar ƙasa ya yi ta yawo da takardu bai samu aiki ba. Shi da yayansa suka haɗa jari. Shirinsa talabijin takwas da PlayStation, teburin sinuka biyu, teburin tenis ɗaya, da firji. Ba ya ɓoye waɗanda yake hari: 'yan sakandare da waɗanda suka gama suna jiran sakamako.

Ranar Asabar muka yi zama a kan benci a gindin matakala. Kowa ya fara da kalma ɗaya, tarbiyya. Sai da aka ɗan jima, shayi ya zagaya, sannan kowa ya fito da ainihin abin da ke cin sa.

Hajiya ce ta fi kowa gaskiya, kuma har yau ban samu amsar da zan ba ta ba. Ta ce, "Malam, kai shaida ne, su wa ke shigowa wurina? Matan aure ne da 'yan mata masu haɗa lefe. Mace za ta sauko daga adaidaita sahu da kuɗin akwati guda a jaka, ta tarar da samari ashirin a zube a kan matakala suna ihu, wani ya yi fito, wani ya bi ta da ido. Ba za ta yi faɗa da kowa ba. Gobe dai Kwari za ta tafi, shi ke nan." Wannan ba zato ba ne. Shekara takwas muna maƙwabtaka, na san yadda cinikinta yake. Mace takan zauna awa guda ana baje mata leshi da atamfa, a ninke wannan a warware wancan, ta cire mayafi ta kara a jikinta ta duba madubi, ta kira ƙanwarta a bidiyo ta nuna mata. Abin da Hajiya ke sayarwa rabinsa zani ne, rabinsa sakewa. Kasuwar Kwari ta fi ta kaya, ta fi ta sauƙin farashi, abin da ta fi Kwari da shi kawai shi ne babu turereniya a ƙofarta. In aka ɗauke wannan, me ya rage mata?

Mai kemis tsoronsa daban ne. Tun da gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin a 2018, bayan rahoton da BBC ta yi kan yadda matasa ke shan sa don maye, duk kemis ɗin da aka ga samari na yawan tsayawa a gabansa ido na kansa. Ya ce shi ko kwalba ɗaya ba ya ajiyewa, amma ranar da aka kama yaro da ƙwaya a saman bene, shagonsa za a fara nunawa. Mai POS ya ce shi da tsabar kuɗi yake yini, kuma kowa ya san yadda ƙwacen waya ya addabi garin nan, ba ya son taron da ba ya iya tantance fuskokinsa. Babban tela ya yi ƙorafin ƙarar janareta, wanda ya ba ni dariya a ciki, domin keken surfaninsa ne ke hana ni jin waya tun safe har magariba.

Sai Malam mai tabarau, wanda ya bari kowa ya gama. Ya ce shi ba wasan ne damuwarsa ba, abin da ke biyo bayansa ne. A gidajen gem akwai wata al'ada: mutum biyu su zauna, wanda aka ci shi zai biya kuɗin wasan. Ya ce ya sha jin malamai suna cewa wannan ɗin ma caca ce, ƙarama dai. Daga nan sai 'yan kallo su fara sa nasu, ɗari biyu a kan wane, ɗari biyar a kan wane. Ya tuna mana yadda Hisbah ta bi shagunan cacar ƙwallo ta rufe a 2024, ya ce ranar da motarsu ta tsaya a ƙofar nan, mai wucewa ba zai tambayi wane shago aka zo wa ba, sunan filazar gaba ɗaya za a kira. Wake ɗaya, in ji shi, shi ke ɓata gari.

Mai lemo da mai gyaran waya ba su ce uffan ba. Sun sa hannu saboda kara, amma kowa ya san lissafin da suke yi a zuci. Samari arba'in a yini, ga ƙishirwa, ga fasasshen gilashin waya.

Ni ma ban yi magana ba, amma dalilina ya sha bamban da nasu. Lokacin da Malam ke bayanin a ci ka ka biya, ji na yi kamar tarihina yake karantawa. Wajen 2001 akwai wani zaure a unguwarmu, talabijin biyu masu ƙaton ƙeya, da PlayStation na farko, mai launin toka, wanda in faifan ya ƙi tashi sai a kifa shi a bar shi a haka. Winning Eleven muke bugawa, mai sharhin yana ta kwarmato da Japananci, ba ma jin ko kalma ɗaya amma mun haddace ihunsa. Duk wanda ya san kan wasan, Roberto Carlos yake ɗaukowa daga baya ya sa shi a gaba, saboda gudu da ƙarfin ƙafa. Canjin cefane nawa ya salwanta a zauren nan, Allah kaɗai ya sani. Na tsallake Islamiyya ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, har ranar da mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya ɗaga labulen ya tsaya. Bai ce komai ba a wurin. A gida aka yi maganar, kuma ba da baki aka yi ta ba. To, ni da na san wannan, da wane ido zan ce wa Malam zargi yake yi? Abin da ya faɗa yana faruwa. Amma kuma cikin mu da muka yi zaman zauren nan, yanzu akwai likita, akwai mai shago a kasuwar waya ta Farm Centre, akwai malamin makaranta, akwai kuma mutum ɗaya da ya lalace, wanda in za a faɗi gaskiya tun kafin zauren ya kama hanya.

Abin da ya sauya min lissafi ya faru ne a gida. Babban ɗana yana aji biyu na babbar sakandare, shekararsa goma sha shida. Da daddare ina ba uwarsa labarin takardar, sai na ga ya yi tsit yana wasa da cokali. Na ce masa, "Kai, kana zuwa irin wuraren nan ne?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Wani lokacin, Abba. Alhamis da Juma'a, da babu Islamiyya." Na tambaye shi ina ne. Ya kwatanta min.

Ranar Alhamis na rufe shago da wuri na je da kaina, ban gaya masa ba. Wani lungu ne a bayan unguwa, wanda mota ba ta shiga, sai ka tsallake kwata biyu. Shago ne mai ƙofar ƙarfe, an saki tsohon bargo a matsayin labule. Na ɗaga na shiga, sai da idona ya ɗauki lokaci kafin ya ga mutane. Babu taga ko ɗaya. Ƙaramin janareta na bakin ƙofa, hayaƙinsa rabi waje rabi ciki. Yara sun kai ashirin a wurin da bai fi ɗakin kwana ba, wasu a kan benci, wasu a tsaye sun dafa kafaɗar juna, zufa na ɗiga. Akwai ɗan da bai wuce shekara goma ba, da rigar makaranta a cikin leda a ƙarƙashin hammata. A can ƙurya wani ƙato da ya girme su duka yana zuƙar sigari, wayoyin wuta a warwatse a ƙasa an ɗaure su da leda. Mai wurin ya taso da sauri, ya ɗauka jami'i ne. Ɗana ba ya nan ranar. Na ce ɓatan kai na yi, na fito.

A hanyar dawowa na yi ta juya abin. Mu a filaza muna ta cewa "yaran nan", "samarin nan", kamar daga wata duniya za a kwaso mana su. Ashe ɗaya daga cikinsu a gidana yake cin tuwo. Kuma takardar da na sa wa hannu ba za ta hana shi buga gem ba. Abin da za ta yi kawai shi ne ta tabbatar ya ci gaba da bugawa a bayan bargon nan, inda babu wanda ya san ubansa. Filin da muka yi ƙwallo muna yara yanzu shaguna ne, wanda ke bayansa ma an yanka an gine. Langa da 'yar ɓuya sun tafi da zamaninsu. Yaro ɗan shekara goma sha shida, daga la'asar zuwa magariba ranar da babu karatu, ina muke so ya je?

Kwana biyu bayan haka sai ga mai neman ɗakin a shagona, wai zai buga takardar da zai kai wa Alhaji. Bai san ni na buga ta ƙorafin ba, ko kuma ya sani ya yi kamar bai sani ba. Ina bugawa ina karantawa. Da na gama na ce masa ya zauna.

Na ce, "Ka san ba a son ka a nan?"

Ya ce, "Na sani, Baba. Har takardar na gani."

"To me ya sa ka nace? Ga lunguna nan, haya ta fi araha."

Ya ce lungu ne ba ya so. Kayan da zai zuba kuɗinsu ya fi ƙarfin ƙofar da ake ɓallewa da dare, kuma yaran da yake so su ne waɗanda iyayensu za su iya sauke su da mota su dawo su ɗauke su. Sannan ya kawo maganar da na san ya tanade ta. Ya ce, "Baba, ku duba Ado Bayero Mall. Tun 2014 da aka buɗe shi, Shoprite ke jawo mutane, ƙananan shaguna su samu. Da Shoprite ya rufe a farkon 2024, ai kowa ya san abin da ake nufi da rashin ƙafa. Ku nan saman benenku wa ke hawa? Ni ƙafa zan kawo muku."

Na ce masa ƙafa iri-iri ce. Wadda zai kawo za ta sha lemo, za ta yi aski, wataƙila ta yi hoton takarda a wurina lokacin rajistar JAMB, amma ba za ta sayi leshi ba, kuma tana iya korar mai sayensa. Ya yi shiru. Na lura bai taɓa kallon abin ta wannan fuskar ba, kamar yadda mu ma ba mu taɓa tambayar sa komai ba kafin mu rubuta takarda a kansa.

Gaskiyarsa ɗaya ce, ba mu da ƙafa. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta tsallake 1,000, ciniki ya ja baya a wurin kowa. Ni kaina sai na tara aiki nake tayar da janareta. Alhaji mai gini ma ba sadaka ya gina ba. Ɗaki mafi girma a ginin yana zaune babu ko sisi, kuma kason kuɗin mai gadi da na kwasar shara da ya kamata ɗakin ya biya, mu ake raba wa. Duk wanda ya sa hannu a takardar nan ya san in ɗakin ya ci gaba da zama a kulle, a hayarmu za a fanshe.

Daren nan na ɗauki takarda na jera duk abin da aka faɗa a zaman Asabar, na cire kalmar tarbiyya na ajiye gefe, don in ga me zai rage. Abin da ya rage ya ba ni mamaki saboda ƙanƙantarsa. Matakala. Banɗaki, wanda guda biyu ne a bayan gini, mu goma sha uku da baƙinmu muke layi a kansu. Wurin ajiye babura, kada su toshe gaban shaguna. Ƙara. Lokacin buɗewa da rufewa. Sai caca. Biyar daga cikin shidan nan magana ce ta bulo da ƙarfe da agogo.

Na koma wurin yaron da sharuɗɗa, ba da yawun kowa ba. A fasa ƙofa ta bayan ɗakin a kafa matakalar ƙarfe, yadda yaransa za su shiga su fita ba tare da sun bi ta gaban Hajiya ba. Wannan ko babu Hajiya wajibi ne, don tara yara arba'in da kayan wuta a ɗaki mai mafita ɗaya ganganci ne, mu da muka ga gobarar kasuwanni a garin nan ba sai an yi mana bayani ba. Ya gina banɗakinsa. Ba labule, ba baƙin gilashi, duk mai wucewa ta baranda ya ga ciki. Ba yaro da kayan makaranta, ba buɗewa kafin a tashi daga boko a ranakun karatu, a kashe komai lokacin sallah, a rufe da ƙarfe tara. Kowa ya biya kuɗin wasansa kafin ya zauna, a kashe maganar wanda aka ci shi ke biya tun daga tushe. Ya nemi duk takardar izinin da hukuma ke buƙata, ya manna a bango. A rubuta duka a cikin yarjejeniyar haya, in ya karya Alhaji na da ikon karɓar makullinsa.

Ya yarda da duka ban da biyu. Rufewa da tara, ya ce daren da ake gasar zakarun Turai yana so ya nuna ƙwallo. Na ce wannan kuma gidan kallo ne, wata sana'ar ce daban, kuma ita ce za ta kawo ƙartin da ake tsoro. Ya haƙura, ba da son ransa ba. Matakala kuwa, ya ce kuɗinta zai cinye talabijin uku, Alhaji ya kamata ya yi tun da gininsa ne zai ƙaru. Alhaji da aka kai masa maganar ya ce shi ɗaki ya ce zai bayar, bai ce zai yi sabon gini ba.

Da na kai wa Hajiya takardar sharuɗɗan, ta karanta har ƙasa, ta ninke ta miƙo min. Ta ce, "Malam, takarda ba ta tsaron ƙofa. Wata uku za a yi ana bi. Ranar da ciniki ya yi masa ƙasa, ɗan makaranta ya zo da kuɗi a hannu da ƙarfe sha ɗaya na safe, kana ganin zai kore shi? Kuma wa zai hau ya duba, kai?" Na ce ni. Ta yi dariya ta ce, "Kai da ko mai gadi ba ka iya yi wa faɗa." Ban ji daɗi ba, amma ba ƙarya ta yi ba. Malam mai tabarau shi ya ce in an yi matakalar, an kuma hana cacar, ba shi da ta cewa, har ma zai samu ƙarin sahu a sallar la'asar. Mai kemis yana nan a kan bakansa. Mai lemo ya fara tambayar farashin babban firji.

Ban janye sa hannuna daga takardar farko ba. Na gaya wa Alhaji a gaban kowa cewa in babu matakalar baya ina nan a kan ƙin yarda, in akwai kuma na sauka. Wasu na ganin na yi baki biyu. Hajiya tana amsa gaisuwata, amma kwana goma ke nan ba ta aiko min da rasit ɗin da take bugawa a wurina ba, na ga yaronta ya tsallaka titi da su.

Shekaranjiya wani mai walda ya zo da tef, ya zagaya bayan ginin, ya auna daga ƙasa zuwa tagar ɗakin, ya rubuta lissafinsa a bayan kwalin sigari ya tafi. Babu wanda ya san wa ya turo shi, Alhaji ko yaron. Ɗana da ya zo taya ni aiki ya tsaya yana kallonsa ta ƙofa, sannan ya juyo ya ce, "Abba, in an buɗe, za ka bar ni in riƙa hawa?" Na ce ya fara gama haɗa min takardun da ke gabansa, mai su na zuwa kafin magariba.